Yadda Barau Ya Yi Wa Lambobin Waya Kwalliya

Ni sana'ata gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, kuma ba a makaranta na koye ta ba. Wuta ce ta koya mini, sau uku tana ja na kafin na yi hankali. Saboda haka idan mutum zai taɓa abin da bai sani ba, tun daga yadda yake naɗe hannun riga nake gane shi. Barau kuwa har saman gwiwar hannu ya naɗe.

Abin ya faru ne a shagon dabinon Alhaji Ubaidullah da ke Harra ta Yamma, wanda kowa ke kira Abu Walid. Kakansa da ƙafa ya zo Madina daga ƙasar Haɗejia, shi kuwa nan aka haife shi, Hausarsa da Larabcinsa a kwano ɗaya suke cin abinci. Yana da gona a Khaibar, yana da dillalai goma sha huɗu a cikin gari, ni kuma ni ke kula masa da ɗakin sanyi. Kowane dillali yana da nasa shafi a mauƙin shagon, wato gidansu na intanet, ɓangare ɗaya da Larabci, ɗaya da Hausa saboda 'yan Umra. Mai son dabino ya duba dillalin da ke kusa da shi ya kira.

Wani Basudane ne mai suna Bakri ya gina mauƙin, kuma ya taɓa yi mini bayani da yaren da zan gane. Ya ce shafukan nan duk abu ɗaya ne, ƙalib suke ce masa, kamar tandar masa. Sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da mauƙin, ita ce take zuba sunan kowane dillali da lambarsa a cikin gurbi, ta miƙo wa mai dubawa a toye. Ka lanƙwasa tandar, duk masar da za ta fito a lanƙwashe za ta fito. Da zai tafi hutun shekara wajen iyalinsa, sai ya rubuta kalmar sirri a takarda ya sa a aljihun tebur, ya ce kada a taɓa sai in gobara ta tashi.

Barau shi ne mai buga takardun da ake manna wa kwalaye. Ya yi wata uku yana koyon kwamfuta a Gusau kafin ya zo, tun daga nan ba ya amsa kira sai an ce Muhandis, wato injiniya. Da ya ji Abu Walid ya ce bana zai naɗa wakili guda da zai riƙe masa duk odar da ke shigowa, sai ya sayi tabarau marar magani.

Ranar Lahadi ina ƙarƙashin injin ɗakin sanyi na ji shi.

"Abu Walid, mauƙin nan yana zubar mana da mutunci."

"Laish? Me ya yi?"

"Dubi lambobin. Wannan ta fara da sifiri da biyar, waccan da tara shida shida, ga wata an rubuta da lambobin Larabci. Shi kuwa Mahmudu har da 'kada a kira lokacin ƙailula' a jikin tasa. Kasuwar ƙauye ce?"

"Amma in an kira tana shiga."

"Shiga daban, daraja daban. Ba ni yini ɗaya. Layi uku zan rubuta a ƙalib, kowace lamba ta fito da kaya iri ɗaya kamar 'yan makaranta. Manyan kamfanoni haka suke yi."

Na leƙo da kaina na ce, "Abu Walid, jibi motar ruɗab, ɗanyen dabinon Khaibar, za ta iso. Kwali ɗari shida. Ɗakin nan ɗari biyu yake ɗauka, ko za a yanka ni. Ragowar ɗari huɗun a sito za su zauna ƙarƙashin fanka, kuma ɗanyen dabino a zafin nan kwana uku yake yi ya fara tsami. Wannan ba makon kwalliya ba ne."

Barau ya dube ni ta saman tabarau. "Zakiru, kai da waya mai wuta ka saba. Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne."

Na riƙe sifanar da ke hannuna da kyau, don na san halina. Abu Walid kuwa mutum ne mai son a ce shagonsa ya yi kama da na manya. Ya jawo aljihun tebur ya ce, "Ɗayyib. Bas kada ka ɓata."

Litinin da hantsi Barau ya ce ya gama, Abu Walid ya ɗauki hoton shafukan ya watsa a duk zaurukan waya da yake ciki, na masu otal da na jagororin 'yan Umra da na dangi. Ku riƙe wannan, don a nan gizo ke saƙa. Mutanenmu ba sa tura adireshin shafi. Hoto suke ɗauka su tura, wanda aka tura wa ya tura wa surukarsa, ita kuma ta tura Kano. Hoto kuwa ba a danna shi ya kira, sai an karanta lamba an buga da hannu, kuma in ya fita ba ya dawowa.

Kafin azahar sai ga Mahmudu, dillalinmu ɗan Damagaram, ya faka motarsa a karkace ya shigo.

"Wa ya ɗauke mini sifirina?"

Barau ya juyo da kujera a hankali. "Ba a ɗauke ba, an tsabtace. Na umarci sabar ta riƙa ɗaukar lamba a matsayin lamba, ba rubutu ba. Ita kuma ta san sifirin farko ba ya ƙara komai."

"Ba ya ƙara komai?"

"Tambayi duk wanda ya yi lissafi. Sifiri ba komai ba ne."

"To me ya sa in an buga babu shi, wata mata ke cewa lambar ba daidai ba ce? Ita ba ta yi lissafin ba?"

"Wannan matsalar kamfanin waya ce."

"Barau, shekara tara nake da lambar nan. Matata ta haddace ta, uwata a Damagaram ta haddace ta. Ka mayar mini da sifirina kafin in idar da alwala."

Ya mayar. Amma Barau ba ya yin abu kaɗan. Sai ya sa ƙalib ya liƙa sifiri a gaban kowace lamba, har da waɗanda suka fara da tara shida shida, waɗanda da ma lafiyarsu ƙalau. Dillalai biyar da ba su da ciwo suka kwanta. Aka sake ɗaukar hoto, aka sake watsawa da taken "ga gyara".

Talata da safe motar Khaibar ta iso. Muka cika ɗakin sanyi har ƙofa tana ƙin rufuwa, muka jera ɗari huɗu a sito, na kunna fanka shida. Dabinon ya yi kyau, kana taɓa shi yana narkewa. Abu Walid ya ɗauki guda ya sa a baki ya lumshe ido, sannan ya tuna ya ce, "Ya Muhandis, raƙaman wayar fa?"

"An wuce wajen. Zo ka gani."

Gaskiya ɗaya ce, a wannan karon abin ya yi kyau. Ya sa a yanko tara na ƙarshen kowace lamba, a sa sifiri a gaba, a raba su gida uku da tazara a tsakani: uku, uku, huɗu. A ɓangaren Hausa suka jeru reras. Har ni na ce ba laifi. Hoto na uku ya fita.

Ɓangaren Larabci kuwa bai buɗe ba, domin Larabcin Barau bai wuce "kam" da "khalas" ba. Ashe shafin Larabci daga dama yake jera komai, kuma da ya ga tazara a tsakanin lambobi sai ya ɗauka kalmomi uku ne, ya jera su daga dama. Wutsiya ta dawo kai, kai ya koma wutsiya. Kuma kashi uku cikin huɗu na masu sayen ruɗab ɗinmu ta wannan ɓangaren suke shigowa.

Da la'asar wani abokin Abu Walid mai otal ya kira shi a tasa wayar. Muna jin muryar daga nesa. Abu Walid ya ajiye ya juyo.

"Ya Barau. Mutumin nan yana son kwali hamsin, ya buga raƙam sau bakwai. Ya ce lambarmu ta fara da tara."

Barau ya buɗe shafin, ya ƙura masa ido, ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Ai daidai ne. Larabci ba daga dama ake karanta shi ba? Su fara daga dama."

"Shekara sittin da ɗaya ina karanta Larabci, wallahi ban taɓa buga waya daga wutsiya ba."

"Ci gaba ke nan, Abu Walid. Da farko mutane sukan yi gardama."

Mahmudu, wanda ya dawo ya zauna kan kwali tun da ba shi da inda za shi, ya ce, "Ni dai an bar mini sifirin?"

"Yana nan."

"A ina?"

"A tsakiya... a'a, wajen ƙarshe."

"To madalla. An mayar da shi bayan gida."

Na ce wa Abu Walid a kira Bakri. Aka kira, waya a kashe, mutum yana hutunsa. Na ce to a goge duk abin da Barau ya rubuta a koma yadda ake. Barau ya ce ai bai ajiye na dā ba, injiniyan ƙwarai ba ya waiwaye. A nan ne na jefar da sifana, ta sami buhun kwali. Na gode Allah da ba ta sami abin da na nufa ba.

Maganin da Barau ya kawo shi ne, tun da shafin Larabci yana juya lamba, to shi zai riga shi juyawa tun daga sabar, in shafin ya sake juyawa ta miƙe. Har ya zana mana a bayan kwali da kibiyoyi. Ya kuwa yi, ɓangaren Larabci ya miƙe sarai. Sai dai tandar guda ce. Ɓangaren Hausa da ke zaune lafiya ya kife. Hoto na huɗu ya fita, ya tarar da 'yan uwansa uku suna yawo a gari, kowanne da tasa ƙaryar.

Laraba da safe na buɗe sito, wani ɗan wari ya gaishe ni. Bai yi ƙarfi ba, amma na san shi. Kwalayen ƙasa sun fara gumi. Dillalai suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da wayarsa a hannu shiru kamar an yi mata rasuwa. Abin da aka sayar tun jiya bai wuce na masu wucewa ta ƙofar shago ba.

Abu Walid bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Barau, gobe alhamis. In jumu'a ta same su a nan, tumaki za su ci. Shekara guda ake jiran ruɗab."

"Ka kwantar da hankalinka. Yanzu zan sa wa ƙalib mai gadi."

Mai gadin nan wata doka ce. Duk lambar da ta zo, a duba: in ba ta fara da sifiri da biyar ba, kada a nuna ta, a nuna wata lamba ta ko-ta-kwana a madadinta. Don gwaji, sai ya buɗe wayarsa ya kwafi lambar da ke saman jerin waɗanda ya kira, ya manna ta a dunƙule babu tazara, da niyyar in ya gama ya sauya ta da ta shago. Abin da bai lura ba, ya tsayar da mai gadin nasa ne bayan wurin da ake juya lambobi. Duk wadda ta iso ƙofa ta riga ta kife, babu mai farawa da sifiri. Mai gadi ya kore su duka goma sha huɗun.

Barau ya buɗe shafi ɗaya da Larabci, ya ga lamba tsaf ta fara da sifiri da biyar. Ya juya Hausa, tsaf. Ya miƙe tsaye ya ce a ba shi shayi. Hoto na biyar ya fita da azahar, da taken "na ƙarshe, a goge na baya". Ya kuma ce wa Abu Walid a tara dillalai gobe bayan la'asar, zai nuna musu sabon tsari a babban allo, don a san wanda ya dace da wakilci.

Alhamis bayan la'asar shago ya cika. Dillalai goma sha huɗu, da maƙwabta, da mai wankin mota na gefe wanda ba a gayyata ba. Warin sito yanzu ya kai ƙofa, ana ta zuba turare. Barau ya sa farar riga mai guga, ya jona kwamfuta da talabijin ɗin bango.

"Jama'a, abin da za ku gani yau, ko a Riyad sai manyan wurare. Mu fara da Mahmudu, tun da ya fi kowa ƙorafi."

Shafin ya fito. Hoton Mahmudu, sunansa, lamba a ƙasa.

Mahmudu ya matsa kusa ya karanta da yatsa. "Wannan ba lambata ba ce."

"Taka ce. Kaya ta sauya."

"Ko ɗiyata ta sauya kaya ina gane ta. Tawa da bakwai bakwai take ƙarewa."

"Tsarin ƙasa da ƙasa ne, ba za ka gane ba. Abu Walid, buga ta a gaban kowa, a ga wayar wa za ta yi ƙara."

Abu Walid ya buga. Kowa ya dubi aljihun Mahmudu. Aljihu shiru. Sai ga ƙara daga bakin ƙofa, irin ta tsofaffin wayoyi masu maɓalli.

Wata tasi ce ta tsaya, Inna Iyatu tana fitowa. Duk Bahaushen da ke Madina ya san ta. Shekara arba'in tana tuyar masa a gidanta da ke Bani Harisa, kuma ta goyi rabin waɗanda ke cikin shagon nan, har da Abu Walid. Waya na ƙara a hannunta na dama, a na hagu ta naɗe takardar buhun fulawa kamar tabarma.

Ta danna wayar ta kai kunne, tana kallon Abu Walid ido cikin ido. "Na'am, shagon dabino ne. Kwali nawa?"

Abu Walid ya sauke tasa wayar. "Khala Iyatu, esh hada? Mene ne haka?"

"Ni za ka tambaya, Ubaidu? Tun jiya da azahar ban zauna ba. Tanda biyu na ƙona. Na farko da ya kira na ce masa ya yi kuskure. Na biyu na ce ya wanke idonsa. Na goma na zage shi, ashe limami ne. Na so in kira ka, wayar ba ta yin shiru balle in nemo sunanka. Wane ɗan albarka ne ya rubuta lambata a duniya?"

Wuya goma sha huɗu suka juya wajen Barau.

Barau ya ce, "Wataƙila kutse aka yi mana daga waje."

Wani dillali mai suna Saif ya karɓi linzamin kwamfutar ya buɗe nasa shafin. Lambar Inna. Ya buɗe na gaba. Lambar Inna. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, jama'a na ƙirgawa da baki kamar ana rabon nama, har goma sha huɗu.

Mahmudu ya ce, "Tsaya. Ta ina lambar Inna ta shiga kwamfuta?"

Na ce, "Ai cewa ya yi ta saman wayarsa ya kwafa, wadda ya fi kira."

Inna Iyatu ta dafa ƙirji. "Au, kai ne? Mai 'Inna a ƙara yaji, Inna a sa mini ta ƙasan tanda'? Sau uku a yini yaron nan yake kira na. Ashe muhandis ne ban sani ba."

Mai wankin mota ya fita waje don ya yi dariyarsa a sarari. Barau ya buɗe baki zai yi bayanin mai gadi, Inna ta ɗaga masa hannu, ta shimfiɗa takardar buhun a kan tebur. Cike take da rubutun ajami, gaba da baya, da maiƙo a gefe.

"Da na ga ba za su daina ba, na ce wannan abincin Ubaidu ne ke kiran kansa, kada in kore shi. Sai na fara rubutawa. Mai otal na wajen Harami, hamsin, ya ce shi ne ya buga sau bakwai. Masu walima a unguwarmu, talatin. Jagoran 'yan Umra da za su tashi asabar, tamanin, a ɗaure da kyau. Wata Hajiya ta ce biyar, na ce mata biyar ba ta isa gidan da ke da surukai, ta koma goma sha biyu."

Ta yi ta karantawa, Saif na rarrabawa unguwa unguwa. Da ta kai ƙarshe, abin da ke takardar ya haura abin da ke sito. Abu Walid ya zauna a kan kujera kamar an zare masa ƙaya. Dillalai suka fara jan motoci zuwa ƙofar sito tun kafin a ce musu. Na shiga na ware waɗanda suka riga suka yi tsami, kwali talatin da ɗaya, na cike gurbinsu daga ɗakin sanyi.

Barau ya gyara tabarau ya matso. "Ka gani ko, Abu Walid? Da ma manufar ke nan, a tattara oda wuri guda. Maganar wakilcin nan..."

"Sahih, ka tuna mini." Abu Walid ya juya. "Khala, za ki riƙe?"

"In riƙe mana, da sharaɗi. Idona ba ya ganin ƙananan lambobi. A ba ni mai buga mini waya in zan tura dillali, ya kuma ɗauki kaya." Ta nuna Barau da haɓa. "Wannan ya isa. Ya fara da masu tsamin can, akwai mai tumaki a bayan gidana."

Bayan mako biyu Bakri ya dawo. Ya buɗe ƙalib, ya daɗe yana kallo, ya yi salati a hankali. Ya ce da ma abin da ake bukata kalma ɗaya ce da za ta gaya wa shafin Larabci ya bar lamba ta tafi daga hagu, kuma minti biyar ya isa ya mayar wa kowa tasa. Abu Walid ya ce ya gyara duk abin da zai gyara, amma lambar Inna da ke kai kada ya taɓa.

Har yau in baƙo ya zo shago, Barau yakan ja shi gefe ya gaya masa shi ya ƙirƙiro tsarin. Ni ba na tanka masa, likita ya hana ni. Nakan dai bi ta Bani Harisa da hantsi in na je karɓar masa, in same shi tsugune kusa da tanda da waya a hannu, Inna tana tuya tana karanto masa lambar Mahmudu.

"Sifiri, biyar. Ka sa sifirin?"

"Na sa, Inna."

"Kawo in gani."